Sufeto a ɗakin karatu: yadda Ingila ta bi diddigin laburaren ƙananan hukumomi

Wa ke da alhakin ɗakunan karatu na jama'a a Ingila?

Ƙananan hukumomi ne. Dokar 1964 ta wajabta musu samar da cikakkiyar hidima mai inganci ga duk mai son karatu, ta kuma ba minista ikon sa ido da kafa kwamitin bincike. Sai dai ba ta faɗi yawan rassa ko awannin buɗewa ba, don haka kowace hukuma ta riƙa aunawa da mudunta.

To yaushe aka fara turo sufetoci?

A zamanin Tony Blair. Dokar 1999, wadda ta fara aiki a Afrilun 2000, ta kawo tsarin Best Value, inda kowace hukuma za ta sake duba dukkan ayyukanta cikin shekara biyar. Sai ta tambayi kanta dalilin yin aikin tun farko, ta gwada kanta da takwarorinta, ta ji ta bakin jama'a, ta kuma duba ko wani zai fi ta iyawa. Bayan nan sufetocin Audit Commission, hukumar da ke binciken ayyukan ƙananan hukumomi, su zo su ba da maki, daga babu tauraro zuwa tauraro uku, su kuma faɗi ko akwai alamar za a gyaru. A 2001 gwamnati ta ƙara da ma'aunai 19 na laburare: nisan gidajen mutane da reshe, awannin buɗewa, saurin samo littafin da aka nema, da sauransu.

Me binciken ya gano?

Rahoton Audit Commission na 2002 ya nuna aron littattafai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara goma. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: an rage sayen sababbin littattafai, gine-gine sun tsufa, ana kuma rufe ƙofa daidai lokacin da ma'aikaci ya tashi daga aiki. A ganina amfanin sufetocin ke nan, sun tilasta a yi maganar wanda ya daina zuwa. Shi kuwa mai zuwa kullum, da ma in aka ba shi takardar jin ra'ayi yabo zai yi.

Ina matsalar take?

Abin da ake ƙirgawa shi ake bauta wa. Ƙirga ƙafar da ta shigo abu ne mai sauƙi, amma ba ya nuna ko yaro ya iya karatu. Ga kuma ɗawainiyar cike takardu. A 2004 aka rage ma'aunan zuwa 10, a 2008 aka ajiye su, ita kanta Audit Commission aka rufe ta a 2015.

Ke nan babu mai tsawatarwa yanzu?

Dokar 1964 tana nan. A 2009 ƙaramar hukumar Wirral ta shirya rufe rassa 11, minista ya sa wata mai bincike mai zaman kanta, Sue Charteris, ta yi bincike, ta gano ba a tantance buƙatun mazauna ba, musamman tsofaffi da yara da unguwannin talakawa. Kafin a fitar da rahoton, ƙaramar hukumar ta janye shirin. Amma ministoci ba su cika taɓa wannan iko ba, shi ya sa mazauna kan garzaya kotu da kansu. Haka aka yi a gundumar Northamptonshire a 2018, inda babbar kotu ta ce shirin janye hannu daga rassa 21 cikin 36 ya saɓa wa doka.