Wai Turawa sun haramta manja? Ga abin da dokar ta ce

Jama'a don Allah a daina tura odiyon nan da ke yawo a WhatsApp, wai Tarayyar Turai ta haramta manja, wai duk wanda aka gani da jarka za a ci shi tara, wai 'yan Kasuwar Galadima su fara neman wata sana'a. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi damuna ma irin wannan maganar ce ke ba wasu kafar ɓoye kaya su ƙara kuɗi, ƙarshenta uwargida mai awon manja a kwalba ita za ta sha wahala.

Dokar dai akwai ta. EUDR ake ce mata, dokar Tarayyar Turai ce kan sare daji, mai lamba 2023/1115, ta zama doka ranar 29 ga Yuni 2023, amma har yanzu ana ta jan ƙafa wajen tilasta ta, da farko an sa ƙarshen Disamba 2024, aka ɗaga zuwa 2025, aka sake ɗagawa zuwa Disamba 2026 ga manyan kamfanoni. Kaya 7 ta shafa: manja, waken suya, koko, kofi, roba, katako da shanu, da abubuwan da ake yi da su irin su cakulan da gawayi. Riɗi, zoɓo, citta da ƙaro ba sa ciki, saboda haka mafi yawan 'yan Dawanau su kwantar da hankalinsu.

Kuma ba cin manja ta hana ba, ba sayar da shi ta hana ba. Cewa ta yi duk wanda zai shigar da waɗannan kaya kasuwar Turai sai ya nuna ba a sare daji aka yi gonar ba bayan 31 ga Disamba 2020. Manjan da aka ɗauko daga Edo ko Akwa Ibom a durom aka sauke a Sabon Gari muka yi miyar taushe da shi, ina ruwan Turai da shi? Mu da ko wanda muke nomawa bai ishe mu ba sai an shigo da ƙari daga waje. Kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya daga Indonesiya da Malesiya yake fitowa, can ne aka share dazuzzuka aka dasa kwakwar manja, kuma su ne suka fi kowa ɗaga murya a kan dokar.

Maganar tara ita ce aka fi murguɗawa. Ana ta cewa "kashi 4", har na ji wani yana lissafin wai za a cire kashi 4 a kowace jarka. A'a Malam. Tarar kan kamfanin da ya shigar da kayan Turai take, ko dillalin da ke juya su a can, kuma kowace ƙasa a cikin Tarayyar ita ke tsara nata hukuncin. Sharaɗin da aka gindaya musu kawai shi ne ƙololuwar tarar kada ta gaza kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfanin na shekara a faɗin Tarayyar. Wato ba kowane laifi ne zai kai nan ba, amma hukuma na da ikon kaiwa. Ban da tara ana iya ƙwace kayan, a ƙwace kuɗin da aka samu a kansu, a hana kamfanin kwangilar gwamnati har tsawon wata 12, in laifin ya yi muni ko an maimaita a dakatar da shi daga shigar da kayan na wani lokaci. Babu wani jami'in Turai da zai zo Singa ya rubuta wa mutum takardar tara.

To amma fa kada a ce ba ta shafe mu ba sam. Kamfanin da ke tsoron wannan tarar me zai yi? Zai juyo kan wanda ya sayar masa ne ya ce kawo shaida. Shaidar kuma ba satifiket ba ce kawai, ko na ƙungiyar RSPO da aka kafa tun 2004 don tantance manja bai wadatar shi kaɗai ba. Lambar GPS ta kowace gona suke so, in gonar ta haura hekta 4 sai an zana iyakarta gaba ɗaya, su kuma su duba hoton tauraron ɗan adam su ga ko akwai daji a wurin a ƙarshen 2020. Ko da gwamnatin ƙasarku ce ta ba da izinin sarewar, in bayan wannan ranar ne kayan ba za su shiga ba.

Yanzu ka duba yadda waken suya ke zuwa Dawanau. Yaron dillali ya shiga kasuwar ƙauye wajen Tudun Wada ko Doguwa, ya sayi tiya goma nan, rabin buhu can, a zazzage a tabarma ɗaya a sake ɗurawa a ɗinke, kafin tirela ta cika waken manomi nawa ne a ciki? Ba wanda ya rubuta. A dokar nan kuwa in aka haɗa kayan da ba a san gonarsu ba da masu shaida, lodin gaba ɗaya ya faɗi, wake ɗaya ya ɓata gari kenan.

Nan ne ni nake ganin ba a kyauta ba. Sare daji masifa ce, mu da ke kallon motocin gawayi da itace suna shigowa gari kullum ba sai an faɗa mana ba, kuma ina goyon bayan a tsare dajin. Amma su Turawa da suka share nasu dazuzzukan tun ɗaruruwan shekaru, yanzu sun kawo tsarin da babban kamfani mai gandu ɗaya zai cika cikin sauƙi, ƙaramin manomi mai gona biyu da ko babbar waya ba shi da ita, wanda wataƙila gonar ma ta gado ce tun kakanni bai sare ko bishiya ɗaya ba, shi za a bari a baya don kawai ba shi da takarda.

In kana tara wa masu fitarwa waken suya, ka tambaye su tun yanzu ina kayan za su. In Turai ne, ka fara rubuta sunan manomi da ƙauyensa, a ɗauki lambar gonar da waya, a ware buhunansa kada a gauraya. Ƙungiyoyin manoma za su fi yin wannan da sauƙi fiye da mutum ɗaya, kuma kuɗin aikin ya kamata mai fitarwa ya ɗauka, kada a zaftare shi daga kuɗin buhun manomi.