Man Lavenda Ba Man Shafawa Ba Ne

A shagunan turare na Sabon Gari da Tudun Wada, sau da yawa za ka ji ana cewa man lavenda daga tsiro yake, don haka ba ya cutarwa. Maganar ta daɗe tana yawo a Zariya, amma ba gaskiya ba ce.

Da tururi ake tatso man daga furen, galibi a Bulgeriya da kudancin Faransa. Sai an tara fure tuli kafin a cika 'yar kwalba ɗaya, shi ya sa ƙarfinsa ya zarce na furen nesa ba kusa ba. Shafa shi tsagwaronsa na iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ga babba, ɗigo biyu a ƙaramin cokalin man kwakwa ko man zaitun sun wadatar. Sha kuwa, kada a kuskura. In yaro ya haɗiye shi, a garzaya da shi asibiti.

Jarirai ne suka fi damuna. A 2007 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ruwaito labarin yara maza uku da nonuwansu suka kumbura bayan amfani da kayan shafa masu lavenda, kumburin ya sace da aka daina. Don Allah iyaye mata, a bar fatar jariri.

Haka ma ƙuna: ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa na minti 20, ba mai ba.

Ƙamshinsa dai yana kwantar wa wasu hankali kafin barci, kuma ɗigo kaɗan a auduga cikin akwatin kaya yana taimakawa wajen korar asu.