Matasan 'Yan Matan Rasha a Wasan Zamiya Kan Ƙanƙara

Zamiya kan ƙanƙara ta nuna gwaninta wasa ne da ake yi da takalmi mai siririn ƙarfe a tafinsa, a fili mai santsi da aka daskarar da ruwansa. 'Yar wasa takan haɗa tsalle da juyi da taku iri-iri bisa kiɗa, alƙalai kuma suna ba ta maki. A ɓangaren mata masu wasa su kaɗai, babu ƙasar da ta taɓa riƙe rukunin matasa kamar yadda Rasha ta riƙe shi tsakanin 2011 da 2020. A gasar duniya ta matasa goma da aka yi a waɗannan shekaru, tara 'yan Rasha ne suka ɗauki zinare. Marin Honda ta Japan ce kaɗai ta katse jerin, a 2016. Tun daga 2022 al'amura suka sauya, domin an rufe wa Rasha ƙofar gasar duniya, an kuma ɗaga shekarun shiga rukunin manya.

Wace ce matashiya a wannan wasa

Hukumar wasannin zamiya ta duniya, ISU, tana ƙidaya shekarun 'yar wasa ne da ranar 1 ga Yuli, lokacin da sabuwar kaka ke farawa. Wadda ta cika 13 kafin wannan rana amma ba ta kai 19 ba, matashiya ce. Manyan fagagenta biyu ne: jerin gasar Grand Prix ta matasa, wadda aka fara a 1997, da gasar duniya ta matasa, wadda ta samo asali a 1976 a garin Megève na Faransa.

Kowace gasa zagaye biyu ce. Gajeren shiri yana ɗaukar minti 2 da daƙiƙa 40, dogon shiri kuma minti uku da rabi ga matasa, minti 4 ga manya. Kowane nau'in tsalle da sunansa da farashinsa a jadawalin maki. Luz mai juyi uku maki 5.90 ne, aksel mai juyi uku da rabi 8.00, tolup mai juyi huɗu 9.50, salko mai juyi huɗu 9.70, luz mai juyi huɗu kuwa 11.50. Daga nan alƙalai su ƙara ko su rage, daga -5 zuwa +5, gwargwadon kyan tsallen. Lissafin a fili yake: yarinyar da ta iya tsalle mai juyi huɗu biyu ko uku tana shiga dogon shiri da ratar da kyan rawa da iya bin kiɗa ba sa cika rufewa. Ba a yarda mata su yi irin wannan tsalle a gajeren shiri ba.

Shekarun mamaya

Alamar farko ta bayyana a ƙarshen 2008, lokacin da Adelina Sotnikova ta lashe gasar manya ta Rasha tana da shekara 12, Elizaveta Tuktamysheva, ita ma 'yar 12, ta zo ta biyu. Sotnikova ta ci gasar duniya ta matasa a 2011, Yulia Lipnitskaya a 2012, Elena Radionova a 2013 da 2014. A waɗannan shekaru biyu na Radionova, 'yan Rasha ne suka kwashe lambobin uku duka, a Milan sannan a Sofiya. Evgenia Medvedeva ta biyo baya a 2015, Alina Zagitova a 2017.

Hanyar daga kambun matasa zuwa zinaren Olamfik gajera ce a lokacin. Sotnikova ta ci na Sochi a 2014 tana da shekara 17. Zagitova ta ci na Pyeongchang a 2018 tana da 15, shekara guda kacal bayan kambunta na matasa, kuma ta yi haka ne ta hanyar tara dukkan tsallenta a rabin ƙarshe na shirin, inda ake ƙara kashi 10 cikin ɗari na maki. Kakar da ta biyo baya ISU ta taƙaita wannan ƙari ga tsalle ɗaya a gajeren shiri da uku a dogo.

Babban juyin ya zo ne a watan Maris na 2018, a Sofiya. Aleksandra Trusova, 'yar shekara 13, ta sauke salko da tolup masu juyi huɗu a shiri ɗaya. Kafin ita, Miki Ando ta Japan ce kaɗai macen da aka amince ta sauke tsalle mai juyi huɗu a gasar ƙasa da ƙasa, tun 2002. A watan Disamba na wannan shekara, a Saransk, Anna Shcherbakova da Trusova da Alena Kostornaia suka hau mumbarin gasar manya ta Rasha, alhali babu ɗayansu da shekarunta suka kai ta shiga gasar manya ta duniya. Zagitova mai zinaren Olamfik da Medvedeva mai azurfa duk suna bayansu a ranar.

Makarantun horo

Yawancin waɗannan sunaye daga gida ɗaya suka fito: sashen Khrustalny na makarantar Sambo-70 a Mosko, ƙarƙashin koci Eteri Tutberidze, tare da Sergei Dudakov mai kula da dabarun tsalle da Daniil Gleikhengauz mai tsara rawa. Lipnitskaya, Medvedeva, Zagitova, Trusova, Shcherbakova, Kostornaia da Kamila Valieva duk ta hannunta suka bi. Akwai kuma kulob ɗin CSKA, inda Elena Buyanova ta horar da Sotnikova, da makarantar Alexei Mishin a San Fitasbag, da makarantar da Evgeni Plushenko ya buɗe a 2017. Iyaye kan ɗauko yara daga garuruwa masu nisa su dawo Mosko saboda horo. Zagitova daga Izhevsk ta zo, Trusova daga Ryazan, Lipnitskaya daga Yekaterinburg.

Dalilin da ya sa ƙananan yara ke fin manya iya juyi huɗu a jiki yake. Tsallen bai kai daƙiƙa ɗaya a sama ba, don haka sai mai jiki ƙarami, marar nauyi, mai matsattsen ƙugu, take iya cika juyin kafin ta dira. Da balaga ta zo, tsawo da nauyi suka ƙaru, sai ma'aunin da yarinya ta saba da shi ya kauce, tsallen ya fara ƙin zama. Wasu sukan sake gina shi, da yawa ba sa iyawa. Dirar kuma a ƙafa ɗaya ake yin ta, da ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau da yawa, ana maimaitawa kullum a kan ƙashin da bai gama ƙwari ba.

Sakamakon yana rubuce a tarihin 'yan wasan. Lipnitskaya ta yi ritaya a 2017 tana da shekara 19, bayan jinyar cutar ƙin cin abinci. Zagitova ta daina gasa a ƙarshen 2019 tana da 17. Daria Usacheva, wadda ta zo ta biyu a gasar duniya ta matasa ta 2020, ta ji rauni a ƙugu lokacin ɗumama jiki a gasar NHK ta Japan a 2021, ba ta sake komawa gasa ba. Masu kare tsarin suna cewa lambobin zinare sun isa shaida. Masu suka suna cewa tsari ne da ke cinye 'yar wasa cikin kaka biyu ko uku saboda akwai wata ƙarama a bayanta tana jiran gurbi. Tuktamysheva, ɗalibar Mishin, ita ce ta saɓa wa wannan al'ada: ta ci gasar duniya a 2015, ta dawo ta ɗauki azurfa a 2021 tana da shekara 24.

Abin da 2022 ta sauya

Abubuwa uku suka haɗu cikin wata biyar. A gasar Olamfik ta Beijing a Fabrairu, aka bayyana cewa an sami haramtaccen maganin zuciya trimetazidine a samfurin gwajin ƙwayoyi na Valieva, 'yar shekara 15, wanda aka ɗauka ranar 25 ga Disamba 2021. Shcherbakova ta ci zinare, Trusova ta ɗauki azurfa da tsalle biyar masu juyi huɗu a shirinta, amma shari'ar Valieva ce ta rufe labarin. A Janairu 2024 kotun wasanni ta duniya da ke Lozan ta dakatar da ita na shekara huɗu, ana ƙirgawa daga ranar samfurin.

Na biyu, ranar 1 ga Maris 2022, ISU ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga gasanninta saboda yaƙin Yukiren. Na uku, a babban taronta na Yuni a Phuket ta ƙasar Tailan, ta ɗaga shekarun shiga rukunin manya daga 15 zuwa 16 a kakar 2023/24, sannan 17 daga 2024/25.

Babu wadda wannan doka ta fi taɓawa kamar Sofia Akateva. An haife ta ranar 7 ga Yuli 2007, kwana shida bayan ranar ƙidaya. A 2022 ana neman 15 tana 14, a 2023 ana neman 16 tana 15, a 2024 ana neman 17 tana 16. Ita ce zakarar matasan Rasha a 2021 da 2022, mai aksel uku da rabi da tsalle masu juyi huɗu, ta kuma lashe gasar manya ta ƙasar a Krasnoyarsk a Disamba 2022, kafin rauni ya ajiye ta tsawon lokaci. Abokiyar horonta Adeliia Petrosian, wadda ta girme ta da wata guda, ta faɗa ɗaya ɓangaren layin.

Bayan haramcin, hukumar wasan ta Rasha ta gina kakarta ta cikin gida: jerin Grand Prix na Rasha mai rukunin manya da na matasa, gasar ƙasa ta matasa, da wata gasa ta tsalle zalla da aka fara a ƙarshen 2022, tashar talabijin ta Channel One tana nuna su. Makin da ake samu a waɗannan gasanni ba ya shiga kundin ISU, kuma masu bin wasan sun daɗe suna cewa alƙalan gida sun fi na waje sakin hannu. A waje kuwa, Isabeau Levito ta Amurka ta ɗauki kambun matasa a 2022, Mao Shimada ta Japan ta riƙe shi a 2023 da 2024 da 2025.

Waɗanda ake sa wa ido

Petrosian ce gadar da ta haɗa zamanin biyu. Ita ce mace ta farko da ta sauke lup mai juyi huɗu a gasa, a cikin Rasha a 2021, ta kuma fara riƙe kambun manya na ƙasar daga Disamba 2023. Da ISU ta ba 'yar Rasha guda damar neman shiga Olamfik ba tare da tutar ƙasarta ba, ita aka zaɓa, ta ci gasar neman gurbin a Beijing a Satumba 2025, ta ƙare ta shida a Olamfik ta Milan a Fabrairu 2026.

Alina Gorbacheva, 'yar 2007 da Sofia Fedchenko ta horar, ta ci gasar matasa ta Rasha a 2023 ba tare da tana cikin manyan makarantun Mosko da aka saba ji ba, kuma salko mai juyi huɗu ne makaminta. Daria Sadkova da Alisa Dvoeglazova, 'yan 2008 daga rukunin Tutberidze, sun riga sun haura zuwa gasar manya ta cikin gida, kowacce ta taɓa zuwa ta biyu bayan Petrosian a gasar ƙasa. A ƙasansu akwai 'yan 2011: Margarita Bazylyuk ta rukunin Tutberidze, zakarar matasa ta 2024, da Elena Kostyleva, wadda ta yi horo a makarantar Plushenko, mai haɗa aksel uku da rabi da tsalle masu juyi huɗu. Waɗannan biyun sun cika shekarun shiga gasar matasa ta duniya ne a lokacin da ƙofar ke rufe.

Wasu sun nemi mafita ta sauya ƙasa. Anastasiia Gubanova ta koma Jojiya a 2021, ta ci gasar Turai a 2023. Sofia Samodelkina, ɗaya daga cikin fitattun matasan 2021, ta koma wakiltar Kazakistan. Sauyin ba ya yiwuwa sai an cika sharuɗɗan ISU na jira da na saki daga hukumar da aka bari, abin da kan jawo ja-in-ja tsakanin iyalai da hukumar Rasha.

Makoma

Tambayar da ke gaban waɗannan yara ba ta iya tsalle ba ce, domin sun iya. Tambayar ita ce ko tsallen zai kai su shekara 17. A da, 'yar wasa na iya cin Olamfik kafin jikinta ya gama sauyawa. Yanzu dole ta ratsa shekara huɗu a rukunin matasa, ta wuce balaga, ta fito da ƙafafu da baya lafiya, sannan a fara ƙirga ta cikin manya. Koci mai koya wa 'yar shekara 11 juyi huɗu yana zuba jari ne a kan abin da ba za a biya shi ba sai bayan shekara shida.

Mumbarin gasar matasa ta 2020 a Tallinn abin dubawa ne. Valieva ta ɗaya, Usacheva ta biyu, Alysa Liu ta Amurka ta uku. Liu ma ta sauke luz mai juyi huɗu tana 'yar 14. Ta bar wasan tana da 16, ta dawo a 2024, ta ci zinaren Milan tana da 20 ba tare da juyi huɗu ko aksel uku da rabi ba. Kaori Sakamoto ta Japan, mai azurfa, shekarunta 25. Wannan ba ya nufin juyi huɗu ya daina biya, jadawalin maki yana nan, amma ya nuna cewa tsabtar zamiya da rashin faɗuwa sun dawo da ƙimarsu a rukunin manya.

Sai batun ƙofa. A Disamba 2025 taron ƙolin Olamfik ya ba da shawarar a bar matasan Rasha da Belarus su koma gasannin matasa na duniya, amma kowace hukumar wasa ita ke yanke nata hukunci. Olamfik ta hunturu mai zuwa a tsaunukan Alps na Faransa za a yi ta a 2030, kuma bisa dokar yanzu sai wadda ta cika 17 kafin 1 ga Yuli 2029 za ta shiga. 'Yan 2011 za su je can da shekara 18 ko 19, 'yan 2007 da 2008 kuwa sun haura 20.