Koyon rubutun adabi a Maraɗi

Koyon rubutun adabi a Maraɗi ya ƙunshi hanyoyin da mai son zama marubuci ke bi har alƙalaminsa ya goge da Hausa, a waƙa ko a zube, da shawarwarin da na gaba suka saba ba shi. Tushensa biyu ne: zauren malamai inda ake rubutu da ajami, da kuma lakwal, wato makarantar boko, da azuzuwan yaƙi da jahilci inda boko ya shigo.

Asali

Maraɗi reshen Katsina ce. Sarakunan Haɓe da jihadi ya fitar daga Katsina wajajen 1807 ne suka kafa sarauta a kwarin Gulbin Maraɗi, a wani ƙaulin kusan 1819, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Shi ya sa ake jingina al'adar karatun wurin da ta Katsina, garin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, malaman ƙarni na 17.

Tarbiyyar zaure

A tsohon tsari almajiri ba ya fara da ƙirƙira. Kwafa yake yi, da tawada da alƙalamin kara, a allo tukuna sannan a takarda, har hannunsa ya faɗa. Mai sha'awar waƙa sai ya haddace baitocin magabata masu yawa, domin kari ya zauna masa a kunne tun bai san sunayen karuruwan aruli, ilimin ma'aunin waƙa, ba. Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda Larabci ke yi, abin da ya sa ma'aunin Larabawa ya karɓi waƙar Hausa ba da wahala ba.

Tahamisi na cikin abin da ya fi horar da mai koyo. Zai ɗauki baitin wani malami mai ɗango biyu, ya gabatar masa da ɗango uku nasa, a kan kari ɗaya, da amsa-amon da ya dace, ba tare da ya kauce wa ma'ana ba. A nan ake gane wanda ya iya, don ɗinkin ba ya ɓoyuwa. Gwajin ƙarshe kuwa rerawa ce a gaban malam: inda murya ta yi tuntuɓe, nan kari ya karye, sai a koma a sake kalma. Rubutacciyar waƙa takan buɗe da sunan Allah da salati, ta rufe da addu'a, wani lokaci da sunan mai ita da ramzi, wato haruffan da lissafinsu ke nuna shekarar da aka yi ta.

Shigowar boko

Lakwal ta zamanin Faransa da Faransanci kaɗai take koyarwa, don haka rubutun Hausa da boko ya makara a Nijar. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka soma karatun manya da harsunan ƙasa, wajajen 1963. Taron Bamako na 1966 ya duba haruffan rubuta Hausa, aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa daga 1973, aka kuma tsayar da ƙa'idar rubutu ta hukuma a 1999. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Salon zube kuwa daga kudu ya fi zuwa: littattafan da suka fito daga gasar Zariya ta 1933, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, sai littattafan soyayya na Kano daga shekarun 1980, waɗanda ke shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa.

Shawarwarin da aka saba bayarwa

Mafi yawansu gadon zaure ne da aka sauya wa riga. Ana ce wa mai koyo ya yawaita karatu kafin ya yi rubutu, ya kasa kunne ga tsofaffi masu tatsuniya da ga cinikin kasuwa da hirar tasha, ya riƙe kaye, wato littafin rubutu, yana tara kalmomi da karin magana. In ya gama labari ya ajiye shi kwanaki, sannan ya karanta a bayyane, ya kuma kai wa wanda ba zai ji kunyar gyara masa ba. Kurakuran da aka fi kamawa su ne barin ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, da raba "yana" gida biyu, da manna "ne" ko "ce" a jikin kalmar da ta gabace su. Ana kuma gargaɗi a kan cusa karin magana inda labari bai nema ba.

Karin harshe

Akwai saɓani. Wasu na ganin a bi daidaitacciyar Hausa don a samu masu karatu a Nijeriya, wasu na ganin "shina", "ɗiya" da "mushe" (malamin lakwal) su ne muryar wurin. Da yawa sukan bar karin gida a bakin taurarin labari.

A yau

Matasa sun fi rubutu a waya, suna raba labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook. Mata na shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.