Tambayoyi da amsoshi kan ƙa'idojin gina manyan manhajojin intanet masu hawa-hawa

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Zariya, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da na Kwalejin Nuhu Bamalli, kan ci karo da sunaye irin su J2EE da EJB da Servlet a takardun karatu, alhali da yawansu sun riga sun iya haɗa shafi mai aiki ba tare da sun taɓa amfani da ko ɗaya daga ciki ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da manhaja mai hawa-hawa?

Manhaja ce da aka raba aikinta gida-gida, kowane gida da abin da aka ɗora masa. Hawa na farko shi ne abin da mutum yake gani a burauzar wayarsa ko kwamfutarsa. Na biyu yana kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar buƙatun jama'a, kuma a nan ne dokokin aikin suke zaune, kamar dokar da ta ce ɗalibi ba zai yi rajistar kwas ba sai ya biya kuɗin makaranta. Na uku shi ne rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da sakamako da rasidai. Amfanin rabon shi ne ana iya sauya fuskar shafi, ko a ƙara manhajar waya, ba tare da an taɓa dokokin ba, kuma mai burauza ba ya isa rumbun sai ta hannun hawa na tsakiya.

Me ya kawo buƙatar ƙa'ida, tun da kowa na iya rubuta hawan tsakiyar yadda ya ga dama?

A shekarun 1990 haka ake yi, kowane kamfani da nasa tsarin, har ya zama bankin da ya sayi uwar garken wani kamfani ya ɗaure kansa da shi, domin abin da aka rubuta don wannan ba zai yi aiki a kan waccan ba. Kamfanin Sun Microsystems ya fitar da ƙa'idar EJB a 1998, sannan a ƙarshen 1999 ya tattara ta tare da Servlet da JSP da wasu a ƙarƙashin suna J2EE, duk don manhajojin da ake rubutawa da harshen kwamfuta na Java. Ƙa'idar rubutacciyar yarjejeniya ce da ke fayyace abin da ke kan mai rubuta manhaja da abin da ke kan mai ƙera uwar garke. Saboda haka WebSphere na IBM, da WebLogic da ke hannun Oracle, da JBoss na Red Hat, da GlassFish, duk suna iya ɗaukar ɓangare guda, kuma ba a yarda wata ta ce ta bi ƙa'ida sai ta tsallake tarin gwaje-gwajen da ake kira TCK. A aikace, ƙaura daga wata zuwa wata ba ta rasa ɗan gyare-gyare, musamman idan an yi amfani da ƙarin da kamfani ɗaya kaɗai yake bayarwa, amma akwai tazara tsakanin gyara da sake gini daga tushe.

Mene ne kwantena, kuma me take yi wa mai rubuta manhaja?

Wannan ita ce zuciyar batun. Ɓangaren da mutum ya rubuta ba ya tsayawa shi kaɗai. Ana saka shi cikin wata manhaja mai suna kwantena, wadda ita ke tayar da shi, ta miƙa masa aiki, ta kuma kawar da shi idan buƙatarsa ta ƙare. Kamar ɗan kasuwar da ya kama shago a Sabon Gari ne: kaya da ciniki nasa ne, amma gadi da shara da buɗe ƙofar kasuwa suna wuyan hukuma.

A ɗauki misalin biyan kuɗin makaranta. Aikin yana da matakai uku: a rubuta cewa kuɗi ya shigo, a sauya matsayin ɗalibin zuwa wanda ya biya, a fitar da lambar rasit. Idan matsala ta auku bayan mataki na farko, za a sami ɗalibin da littafin kuɗi ya san da shi amma ofishin rajista bai san da shi ba, kuma duk wanda ya taɓa bin layin gyara irin wannan ya san wahalarsa. Kwantena tana ɗaure matakan uku su zama ma'amala ɗaya, ko dai duka su tabbata ko kuwa a warware duka, kuma idan wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar aiki, rumbun bayanai zai zubar da duk abin da ba a kammala ba da zarar ya tashi. Mai rubutu ba ya sake ƙirƙiro wannan tsari. Yana sa wa ajinsa, wato guntun manhajar da ya rubuta da Java, alamar @Stateless, kwantena ta ɗauki nauyin. Haka kuma idan ya sa @RolesAllowed a kan aikin gyara sakamakon jarrabawa, ya ambaci jami'in jarrabawa kaɗai, kwantena za ta tare kowa tun kafin buƙatarsa ta kai ga aikin. Ita ce kuma ke riƙe da 'yan hanyoyin shiga rumbu a buɗe, tana ara wa wannan tana karɓa ta ba wancan, domin buɗe sabuwar hanya ga kowane mutum a makon rajista na iya durƙusar da rumbun.

Waɗanne ne manyan ɓangarorin?

Servlet ke karɓar buƙata daga burauza ta mayar da amsa, JSP da JSF kuma su ke tsara shafin da za a gani. EJB ke riƙe da dokokin aiki, kuma iri-iri ne: akwai wanda ba ya tuna wanda ya yi hulɗa da shi, akwai mai tunawa har a gama hulɗa, kamar kwandon sayayya, akwai kuma mai jiran saƙo, wanda ya shigo a 2001, da ya dace da aikin da ba a son mutum ya tsaya jiransa, irin su tura imel ga dubban ɗalibai. JPA ke haɗa ajujuwan Java da teburan rumbu, JTA kuma ke kula da ma'amalar da ta shafi rumbu fiye da ɗaya.

Java ce kaɗai ke da irin wannan ƙa'ida?

A'a. Ƙungiyar OMG, mai tsara ƙa'idojin manhaja, ta fitar da CORBA tun 1991, Microsoft kuma ya zo da MTS, daga baya COM+ a cikin Windows 2000, sannan .NET a 2002. Abin da ya bambanta ta Java da ta Microsoft shi ne kamfanoni masu gasa da juna ne suka ƙera mata uwayen garke.

Me ya sa ake yawan cewa EJB tana da nauyi?

Koken yana da tushe, sai dai ya fi dacewa da tsohon zubi. Kafin 2006, ɓangare ɗaya kan buƙaci fayiloli da dama tare da dogon bayani a XML, wani tsarin rubuta bayanai a fayil, kuma gwada shi ba ya yiwuwa cikin sauƙi sai an tayar da uwar garke. Wannan ne ya buɗe wa Spring kasuwa, wani tsarin gina manhajojin Java mai sauƙi wanda Rod Johnson ya assasa, aka fitar da zubinsa na 1.0 a 2004. Masu ƙa'ida sun ji koken, suka sauƙaƙa lamarin a Java EE 5 ta 2006 (Java EE shi ne sabon sunan J2EE) ta hanyar alamomin da aka ambata a sama. A ganina, wanda ya ce Spring ya kashe ƙa'idar ya wuce gona da iri, domin mafi yawan manhajojin Spring a kan Servlet suke tsaye, da yawa kuma da JPA suke magana da rumbu. Amma mai shagon littattafai a Kongo da ke son shafin nuna kaya ba ya buƙatar wannan duka; inda kuɗi da izini da cunkoson jama'a suka haɗu, nan ne ƙa'idar ke biyan wahalar koyonta.

Me ya sa aikin da aka bi daga tsohon littafi yake ƙin tashi a kan sabuwar kwantenar Servlet ta Tomcat?

Oracle ya sayi Sun a 2010, a 2017 kuma ya miƙa ƙa'idar ga Gidauniyar Eclipse, wadda ta sa mata suna Jakarta EE. Ba a cim ma matsaya da Oracle kan ci gaba da amfani da sunan javax, wanda sunayen ɓangarorin ƙa'idar suke farawa da shi, ba, don haka a Jakarta EE 9 ta 2020 aka mayar da sunayen zuwa jakarta. Ɗalibin da ya rubuta javax.servlet a aikinsa na kammala karatu, ya ɗora a kan Tomcat 10, zai ga kwantena ba ta gane ɓangaren nasa ba, ko da babu kuskure a rubutunsa. Mafita ita ce ko ya koma Tomcat 9, ko ya sauya sunayen zuwa jakarta.servlet tare da sabunta ɗakunan karatun manhajar da yake dogaro da su. Spring Boot 3 ma, kayan gina manhajojin Spring da ya fito a 2022, sabon sunan yake bi. Ya kamata kuma a sani cewa Tomcat ba ta ɗaukar EJB, don haka mai son gwada shi sai ya nemi WildFly ko Payara ko TomEE.