Mece ce "katangar da ke raba coci da gwamnati" a Amurka?

Duk sanda gardama ta tashi a Amurka kan yin addu'a a makarantun gwamnati, sai ka ji an ambaci wannan katanga. Ma'anarta ita ce hukuma ba za ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba, kuma ba za ta hana kowa yin nasa ba. Mutane da yawa sun ɗauka waɗanda ba ruwansu da addini ne suka ƙago zancen. Ba haka ba ne. Wani limamin coci ne mai tsananin riƙon addini, Roger Williams, ya fara furta shi a Amurka.

'Yan Piyuritan Kiristoci ne 'yan Ingila da ke ganin cocin ƙasarsu yana cike da bidi'a. Da aka matsa musu lamba, sai dubbai suka ƙetare teku, suka kafa Boston a 1630 ƙarƙashin gwamna John Winthrop. Amma suna kama mulki, sai suka hana wasu 'yancin da aka hana su: daga 1631 ɗan cocinsu kaɗai ke da ƙuri'a.

Williams, wanda shi ma ɗan Piyuritan ne da ke zaune a cikinsu, ya ƙi yarda. A ganinsa alƙali yana da hurumin hukunta ɓarawo da mai kisan kai, amma abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ya fi ƙarfin kotu. Ibadar dole, in ji shi, wari take yi a wurin Allah. Ya ƙara da abin da ya fi ɓata wa shugabanni rai, cewa sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar 'yan asalin yankin. A Oktoban 1635 aka yanke masa hukuncin kora. Cikin tsananin sanyin Janairun 1636 ya tsere daji, 'yan asalin ƙasar suka ba shi mafaka, daga baya ya samu fili a hannun ƙabilar Narragansett ya kafa garin Providence.

A 1644, cikin raddin da ya yi wa malamin Boston John Cotton, ya kwatanta coci da lambu, duniya kuma da daji, ya ce in aka ɓara shinge ko katangar da ke tsakaninsu, lambun ne zai koma daji. Nan ne abin ya fi taɓa ni: addinin yake jiye wa tsoro, don ya ga yadda mulki ke lalata shi.

Shugaban Amurka Thomas Jefferson ya yi amfani da irin wannan kwatance a wata wasiƙa a 1802, yana bayanin gyara na farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya hana hukuma kafa addini ko hana yin sa. Kotun Ƙoli ta kafa hujja da kwatancen a 1947, kuma a 1962 ta haramta addu'ar da hukuma ta tsara wa ɗalibai. Ita kuwa Massachusetts, jihar da Boston take ciki, wadda ta kori Williams, sai a 1833 ta daina biyan coci daga harajin jama'a.