Waiwaye: Ta wace hanya dalma ke shiga tuwo?

Duk lokacin da aka tayar da zancen gubar dalma a yankunan haƙar zinare, muhawarar kan tsaya a gona: wasu na cewa a daina noma a wurin kwata-kwata, wasu na cewa ai kaka da kakanni a nan suka ci suka rayu. Kafin a ɗauki ɓangare, yana da kyau a duba yadda aka zo nan.

Matsalar tsohuwa ce. A Japan, ruwan kogin Jinzu da ya kwaso kadmiyam, wani ƙarfe mai guba kamar dalma, daga mahaƙa ya shiga gonakin shinkafa, ya lalata ƙoda da ƙasusuwan manoma, har gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968. Fetur mai dalma ya yi shekaru yana zuba ƙura a gefen tituna kafin a daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara a farkon 2006. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, inda ta sauka nan take zama. A 2010 aka gano annobar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Abare, inda yara kusan 400 suka rasu. A 2015 makamanciyarta ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne sauyin da ya faru a tsakar gida gabanin mace-macen Zamfara. Da farashin zinare ya haura dala 1,000 kan kowane oza a 2009, dutsen da a da ba a kula shi ya zama kuɗi, kuma dutsen yankin cike yake da dalma. Sai aka riƙa kwaso shi cikin buhuna zuwa gari. Ana farfasa shi a turmi, a niƙa shi a bushe da irin injin da ake niƙa hatsi, a baza garin a tsakar gida. Wannan filin dai shi ne inda ake shanya dawa, ake sussuka, ake shiƙa, yaro na rarrafe yana kai hannu baki. A wasu wuraren an auna dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne.

Da aka bi sawun abincin daga gona zuwa tukunya, sai aka ga yawancin dalmar da ke cikin hatsin ta shige shi ne bayan girbi, wajen shanya da surfe da niƙa. Dalili a fili yake: dalma na manne wa ƙasa, kaɗan ce ke haurawa ta saiwa har ta kai ƙwayar gero ko masara. Ƙura ce babbar hanyarta. Shi ya sa aikin tsabtace ƙauyukan, har da Bagega a 2013, ya fi karkata ga kankare ƙasar saman gidaje, a binne ta a rami, a zuba sabuwa. A ganina wannan darasin ne ya fi saurin ɓacewa daga bakin masu muhawara.

Ga mai noma a ƙasar da ake zargi, matakin farko awo ne, domin ido ba ya ganin dalma, shuka kuma na iya yin kore shar a kanta. A ɗebi ƙasa daga wurare biyar zuwa goma, zurfin santimita 15, a ware ta bakin hanya da ta inda ruwan wankin dutse ke kwarara. Idan gurɓatar matsakaiciya ce, hatsi da tumatir da kuɓewa da barkono sun fi aminci. Alayyafo da latas da karas su ne masu haɗari, saboda ƙasa na maƙale musu. Iyakar dalmar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa wa ganye ita ce miligiram 0.3 a kilo. Waɗannan a yi musu kwami mai tudu, santimita 25 zuwa 30 na ƙasa mai tsabta, da shimfiɗa a ƙarƙashi, a rufe saman da ciyawa don kada ban-ruwa ya fantsama laka. Ƙasa mai tsami na sakin ƙarafan, don haka a riƙe ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, tsakanin 6.5 da 7 da tokar itace, a yawaita ruɓaɓɓen takin dabbobi. Takin bola kuwa, wanda masu lambu ke so don arha, sau da yawa da fasassun batura a ciki.

Kadmiyam halinsa daban: yana hawa cikin ganye da shinkafa, wanki ba ya fitar da shi. Nan sai sauya abin shuka ko ruwan ban-ruwa.

Bayan girbi, a shanya a kan tamfol nesa da wurin aikin dutse, a rufe rumbu, a wanke hatsi kafin niƙa, a fere karas, a yar da ganyen waje. Tafasa ba ta kawar da dalma. Turmi ko injin da ya taɓa niƙa dutsen zinare kada ya sake ganin hatsi, ko an wanke shi, domin garin na ɓuya a tsagar itace da haƙoran injin.